Laraba da Gicciyen Ciyawa

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar ƙawata Laraba, wadda 'yan kasuwar Sabon Gari suka fi sani da Maman Saratu. A ƙarshen watan Fabrairu irin wannan ta cika, a Kano, a kan gadonta, 'yan kwanaki bayan na dawo da ita daga Guangzhou a keken guragu. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai kuma in ce bari sai baɗi. Bana na ga ido ya fara yi mini gardama, gwiwa ma ta bi sahu, na ce gara in rubuta tun hannu na iya riƙe biro.

Laraba Bahaushiya ce gaba da baya, 'yar wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma 'yar Katolika tun tasowarta. Wannan ya sha rikita mutane. Da zarar ta buɗe baki a cikin 'yan kasuwa sai a ce mata Hajiya, ita kuma ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga Hajiyar can, ni Laraba ce." A jirgin Bangkok muka haɗu. Ni leshi da mayafai nake kawowa Kantin Kwari, ita kayan yara. Da kasuwar can ta rikice a ƙarshen shekarun casa'in, muka bi ayarin masu gwada sa'a a China, lokacin da baƙar fata ke da wuyar gani a Guangzhou, har yara kan biyo mu suna leƙen fuskarmu. Muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Sanyuanli, gado biyu da tukunyar dafa shinkafa, kullum mu taka zuwa manyan benayen tufafi da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Sinancinmu kaf bai wuce laoban ba, wato maigida, da shiye-shiye na godiya, sai meyo, wato babu. Na ƙarshen nan shi muka fi ji.

Tun ranar da muka sauka na ga ta zaro wani abu daga jaka ta rataye a bisa ƙofa. Saƙar busasshiyar ciyawa ce da ba ta fi tafin hannu ba, mai hannuwa huɗu, kowanne ya nufi gefensa. Na zaci guntun mafici ne da ya lalace. Ta ce gicciye ne, na uwar ɗakinta. Na ce wace uwar ɗaki ce wannan mai sallamar yaranta da ciyawa? Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaunar da ni.

Ashe wata sista ce, irin matan nan na coci da ba sa aure, wadda ta rayu a wani tsibiri mai sanyi a ƙasar Turai shekaru fiye da dubu da suka wuce, 'yan Katolika kuma suka ɗauke ta waliyyiya. Sunanta aka raɗa wa Laraba ranar da aka yi mata baftisma. Harshena bai taɓa kama sunan daidai ba, sai na bar shi a "uwar ɗakinki", ita ma ta karɓa haka. Sistocin da suka koyar da Laraba a makarantar mishan 'yan tsibirin nan ne, su suka zo da labarin matar da saƙarta.

Na sha labarin har na haddace, galibi muna zaune a kan dilar kaya muna jiran laoban ya dawo daga cin abinci. Wai uwarta baiwa ce mai tatsar shanu, ubanta kuwa basarake. Tun tana yarinya hannunta ba ya riƙe komai. A aike ta da man shanu, ta rabar a hanya. Uban ya gaji ya ɗauke ta zai kai wa sarki ya huta, ya bar ta a ƙofar fada ya shiga, kafin ya fito ta ba wani kuturu takobinsa. Da ta girma ta ƙi aure, ta tara mata suka kafa gidan ibada a gindin wani babban itace, suna noma da kiwo da jinyar marasa lafiya, suna kuma riƙe da wata wuta da ba a bari ta mutu. Ta taɓa neman fili wurin wani sarki marowaci, ta ce ya ba ta iyakar inda mayafinta zai rufe. Aka shimfiɗa mayafi, ya yi ta miƙewa har sarki ya ce don Allah a tsaya haka nan. Wannan ne ya fi burge ni, ni mai sayar da mayafi. Na ce da zan sami irin yadin nan da na huta da zuwa China.

Labarin gicciyen kuwa, an kira ta ne wurin wani basarake mai bautar gargajiya da ke kan gargara. Ta zauna kusa da shi, ta tsinci ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasan ɗakin tana saƙawa don ta kwantar masa da hankali. Ya tambaye ta mene ne, ta faɗa masa, ya karɓi addininta kafin ya cika. Tun daga nan mutanenta ke saƙa sabo a jajiberen ranarta, wato ranar ƙarshe ta watan Janairu, su rataye a bisa ƙofa don tsari daga gobara da yunwa, su ƙone tsohon. Gobara ta taɓa cinye gidan su Laraba tana ƙarama, ba su fita da ko tabarma ba. Tun da aka koya mata saƙar nan ba ta taɓa tsallake shekara ba. Biyu take yi, ɗaya na ƙofar gida, ɗaya na jakar tafiya.

Ban yarda ciyawa na hana gobara ba, kuma na faɗa mata a gaban idonta. Abin da na yarda da shi shi ne Laraba ta ɗauko halin uwar ɗakinta ba ta rage ba. Garin masara da kuka da daddawar da na yi dakonsu tun daga Kano don su kai mu ƙarshen tafiya, ita ke tuƙawa ta raba wa duk wanda ya yi mata sallama da Hausa. Cikin azumi ita da ba ta yi ita ke dama kunun buɗa baki, ɗakinmu ya cika da 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Zangon Kumasi. In na yi faɗa ta ce, "Hajiya, tukunya ce ta ƙi ƙarewa." Ƙarya take, tukunyar na ƙarewa sarai, kuma rabona ne ke tafiya. Ranar Juma'a takan raka ni wani tsohon masallaci mai daɗaɗɗen kabari da Musulmin garin ke ziyarta, ta jira ni a gindin itatuwa. Ranar Lahadi ni ke raka ta wani babban coci da ake kira cocin dutse, in tsaya wurin masu sayar da busasshen kifi har ƙarni ya kama mayafina. Takan fito ta ce ko kalma ɗaya ba ta ji ba, amma ta san inda ake durƙusawa.

Kuskuren da muka yi a shekarar, kuskuren sababbin zuwa ne. Mu da watan azumi muke lissafi. Muka zo yin odar kayan Ista da na babbar Sallah, da niyyar mu koma gida mu yi ƙaramar Sallah da iyalanmu. Babu wanda ya gaya mana Sinawa na da tasu sallar ta sabuwar shekara, wadda ke rufe masana'anta da shago da komai, kuma a shekarar ta faɗo mako ɗaya da tamu. Sai muka ga filin tashar jirgin ƙasa ya cika maƙil da mutane da ƙunshin kaya, kowa zai tafi ƙauyensu. Muna ta sauri mu karɓi kayanmu kafin a rufe, a kan matakalar wani bene Laraba ta saki jakarta. Na juyo zan yi mata tsiya na ga bakinta ya karkace.

Alhaji Isiyaka ne ya goya ta a bayansa har bakin titi. Mutumin Zangon Kumasi ne, shi ke loda mana kaya a kwantena, shi ne babba a cikinmu kuma shi ke jan mu salla. A asibiti suka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu. Sun yi iya ƙoƙarinsu, suka sallame mu da magunguna, suka ce kada ta hau jirgi tukuna. Haka muka yi Sallah a ɗakin Sanyuanli, gari na ta fashe-fashen wasan wuta, Laraba na kwance hannunta na hagu a gefe kamar ba nata ba. Magana na fita, amma da ja.

Washegarin Sallah da safe ta tambaye ni kwanan wata. Na faɗa mata. Sai ga hawaye ta gefen idon da ke da lafiya. Ba ta ce in kira mata Fada, limamin cocinsu, ba, ta san babu wanda zai ji bakinta a garin nan. Ta ce, "Hajiya, yau ce jajibere. Ina jin tsoro. Ba na so in tafi da tsohon gicciye." Ban taɓa jin Laraba ta ce tana tsoron wani abu ba sai ranar. Na tashi neman abin da za ta saƙa sabo da shi.

Na fara da tsintsiyar ɗaki, sili na karyewa da an lanƙwasa. Na kawo igiyar leda ta ɗaure kaya, ta girgiza kai. Ta ce sai abin da ya tsiro a ruwa. To ina zan sami ciyawar fadama a birnin da ko akuya ban taɓa gani ba, kuma kowa ya kulle shago? Ina tsaye a bakin taga sai na tuna yadda matan kasuwar cefane ke ɗaure ganye da ƙaguwa da wata doguwar ciyawa maimakon igiya. Na ɗauki tasi zuwa tsohuwar unguwar Liwan, na yi ta bin lunguna, ko'ina jajayen takardu a ƙofa da kwaɗo a rataye. A can cikin wani lungu na sami wata tsohuwa a gaban baho cike da ƙaguwa. Na nuna ciyawa, ta miƙo ƙaguwa. Na ture ƙaguwar na ja ciyawa, ta ƙaro wata ƙaguwar. Na ce laoban, na ce meyo, na ce shiye-shiye, Sinancina ya ƙare. Daga ƙarshe ta gane, ta yi dariya har na ga dasashinta, ta ɗebo dami guda ta tsoma a ruwa ta nuna mini sai ta jiƙa take lanƙwasuwa. Har yau ban san yadda aka yi na dawo gida da ƙaguwa biyu ba. Alhaji Isiyaka ne ya cinye su, mutanen Gana ba sa ƙyamar abin ruwa.

Shi na tarar a ƙofar ɗaki ya kawo mana abinci. Ya dubi damin ciyawa, ya dube ni, ya ja ni gefe. Ya ce, "Hajiya, na san Madam ba lafiya, ni na ɗauko ta. Ki ba ta magani, ki wanke ta, ki ciyar da ita, duk lada ne. Amma gicciye fa? Jiya-jiya kika sauke azumi. Hannun da kike jan carbi da shi?" Na ce masa ni ciyawa kawai na kawo. Ya ce, "To ki tsaya a nan." Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma ban ga laifinsa ba, don abin da ya faɗa shi ke cina tun a cikin tasi.

Ashe Laraba ta ji mu. Da na shiga ta ce, "Alhaji ya yi gaskiya. Jingina ni da bango kawai, ki ba ni." Na jingina ta, na zuba mata ciyawar a cinya, na yi alwala na tayar da La'asar. Da na sallame na zauna a kan darduma ina kallonta. Saƙar ba wuya gare ta ba, amma hannu biyu take so. A tsayar da sili ɗaya, a ninka wani a rungumo shi ta tsakiya, a juya, a ninka wani a rungumo su duka, a sake juyawa. Hannu ɗaya na ninkawa, ɗayan na danne tsakiya, in aka saki duk su watse. Ta gwada dannewa da gwiwa, suka watse. Ta gwada da haƙori, yawu ya zubo mata a riga, suka watse. Ta tattara da hannu ɗaya ta sake farawa, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Matar da ta ciyar da rabin baƙin Sanyuanli da garina, ga ta tana kokawa da ciyawa ba ta roƙi kowa ba.

Ni ba malama ba ce. Ban yarda da abin da gicciye ke nufi ba a ranar, ban yarda ba yau, kuma Laraba ta san haka. Abin da na gani shi ne mace ta rasa hannun hagu, ni kuma ina da shi a zaune ba ya komai. Na tashi daga kan darduma na zauna a bakin gadonta, na ɗora babban yatsana a tsakiya. Na ce, "Ni ba saƙa nake ba, riƙewa nake. Kuma kada ki sa rai, ni ba basaraken nan ba ce." Ta yi wata karkatacciyar dariya ta ce, "Hajiya, a labarin ai na kwance ne ya sauya addini. In da mai jin tsoro, ni ce." Muka yi dariya muna kuka. Tana ninkawa tana addu'arta a hankali, ni ina juyawa in ta ce juya, ina ambaton Allah a zuciyata yadda na saba. Kafin Magariba ta ɗaure bakin hannuwan huɗu da haƙori. Ɗaya kawai ƙarfinta ya kai ta yi, kuma ya ɗan karkace, amma ɗanye ne shar, yana ƙanshin kogi. Ba ta bari an rataye shi ba. A hannunta ya kwana, a hannunta ya hau jirgi, da muka iso Kano ta sa aka ɗora shi a bisa ƙofar ɗakin 'yarta Saratu.

Alhaji Isiyaka bai sake ta da maganar ba. Shi ya nemo keken guragu, shi ya raka mu har filin jirgi. Har Allah ya karɓi ransa bai ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Nakan tambayi kaina me Laraba za ta ce da ta ga yau. Ɗana ne ke zuwa Guangzhou yanzu, in ma ya je, don rabin odar a waya ake gamawa. Ya ce jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauke mutum a gindin benayen da muke takawa da ƙafa, kana jin Hausa a titi kamar a Fagge, cocin dutse kuma na cika da baƙaƙen fata ranar Lahadi. Wannan zai yi mata daɗi, za ta sami wanda zai ji bakinta. Na aike shi ya nemo mini ciyawar ɗaure ƙaguwa, ya ce leda ta kusa korar ta, sai wurin tsofaffi. Wannan za ta yi tsaki. Abin da zai fi ɓata mata rai a gida yake. Yanzu mace irina da mace irinta ba kasafai suke kama ɗaki ɗaya ba. Kowa ya ja nasa ya koma unguwarsu, yara na tasowa ba su taɓa cin tuwon maƙwabcin da ba ya salla irin tasu ba. Ina jin da tana nan ba wa'azi za ta yi ba, tukunya za ta ɗora, da garin masarar wani.

Ba ta bar dukiya ba, mai hali irin nata ba ya bari. Shagonta ya daɗe da komawa hannun wasu. Abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta kuwa ba nawa ba ne, Shi ya san baiwarsa fiye da ni. Abin da na san ya saura shi ne wannan. Shekarar da ta biyo bayan rasuwarta, ranar ƙarshe ta Janairu, Saratu ta yi sallama a gidana da damin ciyawar fadama. Ta ce uwarta kullum cewa take za ta koya mata baɗi. Na ce ni ban iya saƙa ba, riƙewa na iya. Amma ido ya riga ya gani, sai na danne tsakiya ina gaya mata inda za ta ninka. Tun daga nan ba ta fasa zuwa ba. Dangin maigidana sun yi gunaguni har sun gaji. Ita ma na san akwai masu ce mata me ya kai ta gidan Hajiya da abin coci.

Bana da ta zo, da furfura a goshinta, na ga yadda ta sha wahalar hanya, na ce, "Ke Saratu, hannunki biyu lafiya lau, ga 'ya'yanki mata sun girma. Har yanzu ba ki iya ba ne, kike ratso gari saboda tsohuwa?"

Ta ci gaba da jiƙa ciyawarta a kwano ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mama Hajiya, na iya tun zuwa na biyu. Amma ke ce hannun hagun Mamana. Shi kaɗai ya rage mini."

Na gyara zama na miƙa mata babban yatsana.